Na rubuta rasuwar kakata amma mai karatu bai ji komai ba, ina matsalar take?

Ummu Hanifa, Shara Mansur, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku ba ni shawara. Ina rubuta gajeren labari ne kan wata tsohuwa da ta taho hajji ta ƙasa tun tana budurwa, suka ratso Sudan suka hau jirgin ruwa a Sawakin, ba ta sake ganin gida ba har ta rasu a nan Makka, gaskiya kakata ce suna kawai na canza. Wurin rasuwar na cika shi da kuka da hawaye da baƙin ciki, ina rubutawa ina share ido, amma da ƙawata ta karanta cewa ta yi "ya yi kyau" shi ke nan. Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Baban Sadiq, Jidda:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Hajiya. Kin riga mai karatu yin kukan ne ƙanwata, ba ki rage masa ba. Ranar da mahaifiyata ta rasu ban yi kuka a Harami ba, aka ce assalatu alal amwat bayan la'asar muka sallace ta tare da gawarwakin da ban san ko na waye ba, har muka dawo daga maƙabarta idona a bushe. Sai da na shiga gida na tarar da silifas ɗinta a ƙofar banɗaki, ɗaya ya ɗan karkace yadda ta cire shi da asuba, ga butarta da sauran ruwa a ciki. A nan ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Nemo silifas ɗin kakarki ki ajiye mana a labarin.

Malama Hauwa, Madina:
Ki duba kalmomin kuma. "Ta mutu" da "ta rasu" da "ta cika" ba nauyinsu ɗaya ba, "ta cika" a bakin wadda ke riƙe da hannunta ya fi shafi guda na kururuwa. Ga tsit, ga jugum, ga wayam, "gadon wayam" kalma biyu ce amma ta gama magana. Ɗaya ta isa, kar ki jera su.

Abu Rayyan:
Ni ban yarda a cire hawaye gaba ɗaya ba, Manzon Allah SAW ma idanunsa sun zubar ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, a sa shi sau ɗaya a inda ya dace. Amma akwai abin da ba ku taɓo ba. Bahaushe in ya ji tsohuwa ta cika a Makka an sallace ta a Harami cewa zai yi ta dace, har ya yi fatan irin nata, to ta yaya zai ji ciwo a nan? Ciwon labarinki yana wurin gidan da ba ta koma ba, da 'yan uwanta na can da ko sun zo ba za su gane kabarinta ba tunda nan ba a rubuta suna.

Ummu Hanifa:
Abu Rayyan ka sa na ajiye wayar na yi shiru. Duk shekara in alhazan Najeriya suka sauka sai ta sa a rako ta masaukinsu da ƙullin dabino, tana bin su ɗaya-ɗaya tana tambaya ko akwai ɗan garinsu, ko tsamiyar ƙofar gidan babanta tana nan. Ban sa wannan ba ko layi ɗaya, na ɗauka ba labari ba ne. Yau da dare zan sake shi daga farko in sha Allah.