Muhawara kan sunan dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya

Alhaji: Jama'a, raina a ɓace yake. An tambayi yarona a jarrabawa dutsen da ya fi tsawo a duniya, ya rubuta Chomolungma, malaminsa ya zabga masa jan biro ya ce Everest kaɗai ce amsa. Ni na koya masa sunan, domin da shi mutanen yankin Tibet na ƙasar Sin ke kiran dutsen tun kafin Turawa su gano shi. Shin in je wurin shugaban makarantar ne, ko in haƙura?

Malama: Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma kalmar "gano" ba ta zauna ba. Makiyayin da ke buɗe ido kullum safiya ya ga dutse a gabansa, ba za a ce baƙo ya zo ya gano masa shi ba.

Injiniya: Malama, tsawonsa aka gano, kuma wannan ba a saninsa da ido. A 1852 ne Radhanath Sikdar, ma'aikacin hukumar safiyon Indiya a zamanin mulkin Ingila, ya fitar da lissafin cewa babu dutsen da ya kai shi, alhali a takardunsu lamba 15 kawai suke ce masa. Shugaban hukumar, Andrew Waugh, shi ya nemi a sa masa sunan wanda ya gada, George Everest, aka tabbatar a 1865.

Malama: To ai da bakinka ka ba ni hujja. Ɗan Indiya ya sha wahalar lissafi, Bature ya tafi da suna. Shi kansa Everest bai so ba, ya ce mutanen yankin ba za su iya furta sunan ba.

Kawu: Duk kun bar hanya. Dutsen na Nepal ne, su kuwa Sagarmatha suke cewa, don haka yaron da malamin duka sun faɗi.

Injiniya: Kawu, a gafarce ni, iyakar Nepal da Sin ta bi ta kan ƙololuwar ne, shi ya sa a Disambar 2020 ƙasashen biyu suka sanar tare cewa tsawonsa mita 8,848.86 ne. Sagarmatha kuwa sai a shekarun 1960 gwamnatin Nepal ta ɗauke shi a hukumance, Chomolungma ya girme shi nesa ba kusa ba.

Kawu: Kai tun da ka yi karatu a Sin ba ka ƙara ganin laifinsu ba. Ta wane ɓangare Tenzing Norgay da Edmund Hillary, waɗanda suka fara kai wa ƙololuwar, suka hau a ranar 29 ga Mayun 1953? Ta Nepal suka hau.

Injiniya: Hanyar hawa daban, mallaka daban, kuma inda na yi karatu bai shafi taswira ba.

Alhaji: Har yanzu babu wanda ya ce mini in je makarantar ko kada in je.

Malama: Bari in taƙaita, tunda dare ya yi. An amince cewa babu abin da Turawa suka gano, suna kawai suka liƙa wa dutsen mutane. Injiniya ya kawo wasu shekaru da alƙaluma, waɗanda a ganina duk maganata suka ƙarfafa. Kawu kuma ya ambaci Nepal.