Gansakuka ta cinye ciyawar tsakar gida: magani zan fara sawa ko taki?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Filin ciyawata ya kai murabba'in mita 100, kusan 30 daga ciki gansakuka ta rufe, musamman gindin katanga da ƙarƙashin bishiya. Ga kaka ta yi nisa, sanyi na shigowa. An ce in zuba farar ƙasa ta noma, wani kuma ya ce taki kawai ciyawar ke so. Wanne zan fara, kuma nawa zan zuba?

Baba_Mai_Lambu:
Wa alaikumus salam. Malam, gansakuka ba korar ciyawa take yi ba, gurbin da ciyawa ta bari take cikewa. Ba ta da saiwa ta gaske, a saman ƙasa take manne, don haka ƙasar da ta daddale ba ta dame ta ba, ita ciyawa kuwa ba ta iya jefa saiwa a ciki. Inuwa, ruwan da ke kwanciya, yanka ciyawa ƙasa-ƙasa da yunwar taki, su ne ke buɗe mata hanya.

Kashe ta ba wuya. Nemi salfet na ƙarfe, wato garin sinadarin ƙarfe mai narkewa a ruwa, ka narkar da giram 40 a ruwa lita 10, ka yayyafa a murabba'in mita 10. Wurinka zai ci giram 120 ke nan. Ka yi shi ranar da ƙasa ke da laima, ba rana mai zafi, ba kuma lokacin da ake sa ran ruwan sama cikin yini guda ba. In ka haura giram 5 a kowane murabba'in mita, ciyawar ma za ta ƙone. Cikin 'yan kwanaki gansakukar za ta yi baƙi. Ka bar ta kwana 10 zuwa 14, sannan ka kakkabe ta da manjagara ka kwashe. Kada ka kakkabe tana ɗanya, yaɗa ta za ka yi. Ka kuma kiyaye siminti da tayil, don ruwan maganin na barin tabon tsatsa mai wuyar fita. Maganin kashe ciyayi masu faɗin ganye bai yi mata komai, kada ka ɓata kuɗinka.

Bayan ka kwashe, ka huda ƙasar da cokalin haƙa mai yatsu, zurfin santimita 10, tazarar santimita 15, ka share yashi mai tsakuwa-tsakuwa ya shiga ramukan. Sai iri, giram 25 a kowace mita, na ciyawar da ke jure inuwa kamar fesku mai siririn ganye. In ka bar wurin fili, gansakukar ce za ta riga ciyawa dawowa.

Hajiya_Furanni:
Abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai batun iri akwai sharaɗi. Yana bukatar zafin ƙasa ya kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, da kamar mako 6 kafin sanyi mai daskarewa. In lokacin ya ƙure, ka kashe gansakukar yanzu, ka ɗaga shuka zuwa bazara.

Farar ƙasa kuwa ba ta kashe gansakuka ko kaɗan. Tsamin ƙasa take ragewa, kuma gansakuka na fitowa ko a ƙasar da ba ta da tsami. A gwada ƙasar tukuna. Yawancin ciyawa na son pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, tsakanin 6 da 7. In ya faɗi ƙasa da 5.5 ne ake maganar zubawa, kuma kada ta wuce giram 250 a kowace mita a zubi ɗaya, ƙasa mai yashi ma ƙasa da haka. Kada a haɗa ta da maganin ƙarfen, tana rage masa ƙarfi. Kada kuma a haɗa ta da yuriya, don naitirojin, sinadarin da ke ciyar da tsiro a cikin takin, zai tashi ya bi iska. A ba su tazarar wata guda.

Mai_Tambaya:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To takin fa? Ban makara ba?

Injiniya_Noma:
Ya danganta da irin ciyawarka, ɗan'uwa. In mai son sanyi ce, irin fesku ko rayigiras, takin ƙarshen kaka na da amfani. Ana zuba shi sa'ad da ganye ya rage tsiro amma yana nan kore, ƙasa ba ta daskare ba. A lokacin saiwa na aiki, abincin da ganye ya haɗa ajiye shi ake yi, shi ya sa take saurin farfaɗowa bayan hunturu.

Abin lura shi ne ainihin naitirojin, giram 2.5 zuwa 5 a kowace mita. Lambar farko a jikin buhun taki ita ce kasonsa cikin ɗari. Yuriya 46 ce, don haka giram 10 a mita na ba da giram 4.6, wato kilo 1 ya ishi filinka duka. A ganina ma rabin haka ya wadatar a gefen inuwa, domin ciyawar can ba ta cin taki kamar ta rana. Ka raba takin biyu, ka watsa rabi a tsaye rabi a kwance don kada ya yi layi-layi, ka bi da ruwa nan take. In ya yi yawa, ganye zai fito da taushi, cutar fumfuna ta kama shi cikin sanyi. In ƙasa ta riga ta daskare ko ta jiƙe sharkaf, ruwa ne zai tafi da shi.

In kuma mai son zafi ce, irin bamuda ko zoyisiya, ka tsayar da naitirojin mako 6 kafin sanyi mai daskarewa na farko, don tana shirin barci ne. Takin fotash kawai, shi ma in gwajin ƙasa ya nuna ƙaranci.

Baba_Mai_Lambu:
Ƙari ɗaya: ɗaga wuƙar injin yankan zuwa santimita 6 ko 7 a inuwa, kuma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka guda. Ka sassabe ƙananan rassan bishiyar, ka riƙa kwashe ganyen da ke zuba. Gindin katangar in bai samun rana ta awa 4 a yini, ciyawa ba za ta zauna ba. Shimfiɗa tsakuwa ko ka dasa tsiron inuwa a wurin.