Musayar Waƙa a Kan Monmartar, Tudun Masu Zane na Faris

Malam Ilu:
'Yan'uwa, ga tambaya kan tudun Faris,
Monmartar mai mita 130 a tsaye.
Da can ƙauye ne na gonaki da injin niƙa mai iska,
Me ya ja masu zane suka mamaye?

Hajiya Rabi:
Malam, araha ce ta kira su,
Kafin 1860 tudun na bayan ganuwa.
Giya in za ta shiga birni sai an biya kuɗin ƙofa,
A tudu babu mai karɓa, mashaya ta yi yawa.
Makaɗa da 'yan rawa suka bi sawu,
Ɗaki ba tsada, ɗan haya ya samu sakewa.

Garba:
Hajiya, ki leƙa ƙarƙashin ƙasa,
Masu haƙar farar ƙasa sun rarake cikinsa.
Da aka tashi gina cocin Sacré-Cœur a 1875,
Ƙasar ba ta ɗaukar nauyinsa.
Rijiya 83 aka haƙa, aka cike da dutse,
Su ne ƙafafun da ke riƙe da ginin a bisa.
Dutsen bangon kuwa, ruwan sama na taɓa shi
Sai ya ƙara fito da farinsa.

Hajiya Rabi:
Ƙanena, ka bar coci, ka gangara Bateau-Lavoir,
Gidan katako mai ɗakuna a cushe.
Famfo ɗaya tal ga mazauna duka,
Da zafi a gasu, da hunturu a ƙame a bushe.
Mai zane Picasso ya tare a nan a 1904,
Shayin da ya kwana a kofi, da safe ƙanƙara ta rufe.
Katako da fenti ba sa shiri da wuta,
Gobarar 1970 ta bar gidan a rushe.

Malam Ilu:
To ina suka tafi, yaran nan?
Suna ya jawo baƙi, haya ta yi tsada.
Wajen 1910 suka fara komawa unguwar Monfarnas,
Can ƙetaren kogi suka sake kafa fada.

Garba:
Baba, saura na nan a dandalin Tertre,
Kowa da murabba'in mita ɗaya na zama.
Mutum biyu ke raba gurbi, yau kai gobe ni,
Sai da lasisi ake kafa allo a fara sana'a.
Mai hawa ta titin Foyatier ya shirya gwiwa,
Matakala 222 ne kafin ya kai sama.
In ya sauko gabas, ga kasuwar Château Rouge,
Kuɓewa da bandar kifi a hannun 'yan Afirka ta Yamma.