Mai kula da raunin 'yan wasa a sakandaren Amurka: abin da aka tattauna

'Yan uwa, maganar da aka yi a kan aikin mai kula da raunin 'yan wasa a makarantun sakandare ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda cewa wannan ma'aikaci ba koci ba ne. Jami'in lafiya ne mai takardar ƙwarewa, yana aiki tare da likita. Yaro na faɗuwa a fili, shi ke fara isa kansa.

2. A kan buguwar kai aka fi daɗewa, kuma ya dace. Jihar Washington ta kafa doka a kan buguwar kai a wasannin yara a 2009, yanzu duk jihohi 50 suna da irinta. Yaron da ya tashi yana layi, yana kare ido daga haske, ya kasa faɗin wa ke kan gaba a wasan, a fitar da shi. Kada ya koma ranar, ko da ya rantse ya warke. Iyaye, don Allah mu daina matsa wa yaranmu.

3. Bugun zafi, wato zafin jiki ya wuce kima, lokacin atisayen watan Agusta: a tsoma yaro cikin ruwan ƙanƙara nan take, sai jikin ya huce a kai shi asibiti.

4. Na'urar farfaɗo da zuciya ta zauna a bakin fili, ba a kulle a ofis ba.

An rabu a kan kuɗi. Wasu sun ce ƙananan makarantun karkara ba za su iya ɗaukar ma'aikaci na dindindin ba, gara su haɗa kai da asibitin garinsu ya riƙa turo musu ma'aikaci ranar wasa. Wasu suka ce wanda ke zuwa ranar wasa kaɗai ba zai ga raunin da ake ji a atisaye ba. Ni ina tare da na biyun.