Dan Allah ku ban shawara, baban yarana ya riƙe su tun sallah

Salam ƴan uwa, admin a ɓoye min suna. Shekara biyu da rabuwarmu, yara biyu, namijin shekara 7 macen 4. Da na gama idda kawuna da yayan baban yaran suka zauna a zauren gidanmu a Tudun Wada aka ce yara su zauna wajena, zai dinga kawo dubu 30 duk wata, ya ɗauke su Asabar ya dawo da su Lahadi bayan la'asar. Duk da baki aka yi, ko takarda ɗaya babu. To jajibirin sallah ya kwashe su zuwa Rigasa yau kwana 16, har an koma makaranta, unifom ɗinsu na goge yana nan rataye bayan ƙofa. Na kira mahaifiyarsa ta ce wai namiji in ya kai bakwai na ubansa ne. Ƙawata ta ce in je kotu, Hajiyarmu kuma ta ce kai uban ƴaƴanki ƙara abin kunya ne. Ya zan yi?

Maman Biyu: Wlh da ni ce yau ɗin nan zan hau keke in kwaso abina.

Ɗalibin Ilimi: A'a Hajiya, kar ta je a yi tashin hankali gaban yara. Baiwar Allah, a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, hadana wato riƙon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, shi kuma uba ci da sha da sutura da magani na kansa. In kin yi aure ne riƙon kan koma wajen mahaifiyarki.

Anti Lauya: Ba sai kun yi doguwar shari'a ba ƙanwata. Ku yi sulhu a rubuce ku sa hannu da shaidu, a kai gaban alƙali ya tabbatar ya zama hukunci, wanda ya saɓa kotu ya saɓa wa. Amma fa a faɗi komai dalla-dalla, nawa ne, ran nawa ga wata, kuɗin makaranta, wa ke ɗaukowa wa ke mayarwa, ƙaramar sallah ina babba ina, dan wannan "yadda ya sawwaƙa" ɗin ita ke kashe mata. In ba kuɗin lauya ki nemi FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, ko Legal Aid, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya.

Baban Yara: Ni namiji ne kuma ni na nemi a rubuta namu, dan da sai in je ƙofar gida da leda a hannu a ce min sun yi barci, ƙarfe biyar na yamma fa. Tunda alƙali ya sa hannu ban ƙara jin wannan ba.

Mai tambaya: Na gode. Na karanta wa kawu, ya ce gobe zai samu yayan nasa tukuna. Anti, risit ɗin makarantar da na biya zango biyu in tafi da su?

Anti Lauya: Ki haɗa har da alat ɗin banki.