Intabiyun matsakaicin injiniyan manhaja: ku ba ni labarin yadda taku ta kasance

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina rubuta manhaja da harshen Python da Django, kayan aikinsa na gina shafukan intanet, tun bayan da na gama bautar ƙasa. Wani kamfani a Legas ya sa mini intabiyu ranar Alhamis mai zuwa, matsayin matsakaicin injiniya, aikin kuma daga gida ake yi. Sun ce zama uku ne: gwajin kod, da zanen tsarin manhaja, sai hira da shugaban sashe. Sati biyu ke nan ina kwana a kan LeetCode, shafin atisayen tambayoyin kod, amma hankalina bai kwanta ba. Duk wanda ya taɓa hawa wannan kujera, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Yayan Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na zauna sau huɗu, biyu suka ɗauke ni. Ka ci gaba da LeetCode, amma kada ya cinye maka duk ranakun. A matakin ƙarami ana son a ga ko ka iya rubuta kod. A wannan matakin tambayarsu ita ce ko za a iya damƙa maka wani ɓangare a tafi a bar ka da shi.

Inda na faɗi a karo na biyu, cewa aka yi: mutum ya danna maɓallin biya, intanet ta katse, ya sake dannawa. Ya za ka hana a cire masa kuɗi sau biyu? Na ce zan kashe maɓallin bayan dannawar farko. Mai tambayar ya ce to idan manhajar wayar ce da kanta ta sake turawa fa? Nan na yi tsit. Daga baya na zauna na gano abin: kowace buƙatar biya ta zo da lambar shaida tata ita kaɗai, ka ajiye lambar a tebur a ma'ajiyar bayanai, in ta sake zuwa ka mayar da amsar farko ba tare da ka taɓa kuɗin ba. Kuma kada ka ce za ka duba ko lambar tana nan sannan ka saka ta, don buƙatu biyu na iya shigowa a lokaci guda, dukansu su ga babu. Ka sa wa ginshiƙin lambar sharaɗin hana maimaici a PostgreSQL, manhajar ma'ajiyar bayanai, ita ma'ajiyar da kanta ta ƙi ta biyun. Saƙon tabbatar da biya da kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack ke turo wa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajarka, shi ma yana iya isowa fiye da sau ɗaya, don haka maganin ɗaya ne. A Najeriya, inda da yawa daga cikin masu ɗaukar aiki harkar kuɗi suke yi, da wuya ka tsallake wannan tambaya.

'Yar Wusasa:
Yaya ya faɗi gaskiya. Ni tambayar da ta ba ni aikin ba ta kod ba ce. Matar da ke hira da ni ta ce in ba ta labarin ranar da na ɓata wani abu. Ban ɓoye ba. Na ce mata akwai shafin jerin ɗalibai da na rubuta, yana gudu lafiya a kwamfutata saboda bayanan gwaji kaɗan ne, da aka ɗora shi a kan bayanan gaske sai ya kwanta. Dalili kuwa, ga kowane ɗalibi sai kod ɗin ya sake komawa ma'ajiya ya ɗauko sunan ajinsa, tambaya ɗaya ta haifi ɗaruruwa. Na bayyana yadda na gano shi, da yadda umarnin select_related na Django ya haɗe tambayoyin wuri ɗaya, da yadda EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda ma'ajiya ke gudanar da tambaya, ya nuna mini ginshiƙin da ke buƙatar indeks, wato fihirisar da ke hanzarta nema. Sai ta ce me na canza a yadda nake aiki tun daga ranar. Wannan ce ainihin tambayar, ɗan uwa. Ka shirya labari uku irin wannan daga aikinka, ka san abin da kai ka yi da hannunka, ba "muka yi" ba. Ka maimaita su da baki, da Turanci, don abin da ke a zuciya daban yake da abin da harshe zai iya fitarwa cikin minti uku.

Na Kwangila:
Nawa gajere ne. Ka cika cajin kwamfuta da waya tun dare, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban. Ni ana tsakiyar zama aka ɗauke wuta, ga zafi, ga janaretan maƙwabci. Kuma in wata rana Turawa ne za su yi maka intabiyun, ka lura da agogo: da bazararsu Jamus tana gabanmu da awa ɗaya, da hunturu lokacinmu ɗaya, Ingila kuma da hunturu tana bayanmu da awa ɗaya.

Malamin Sabon Gari:
Ni yanzu ni ke yi wa mutane tambayoyin, bari in faɗa maka abin da nake gani daga wancan gefen teburin. Abin da ya fi kayar da yaranmu shi ne shiru. An rene mu da kunya, ba ma son katse babba da tambaya, to a nan tambayar ita ake nema. In na ce ka zana mini tsarin tura saƙon sanarwa, kafin ka ja layi ko ɗaya ka tambaye ni mutum nawa ne, saƙon dole ne ya isa nan take ko zai iya jira, me zai faru in ya ɓace. Wanda ya fara ambaton manyan kayan aiki irin su Kafka da Kubernetes kafin ya san girman aikin, na san hadda ya yi. Na fi son wanda zai ce saba ɗaya da PostgreSQL sun isa a yanzu, ga kuma inda za a ƙara Redis, ma'ajiya mai saurin amsa, ko layin jiran aiki in jama'a sun yi yawa.

A gwajin kod, ka riƙa faɗin abin da kake tunani. Ka fara da hanyar da ta zo maka ko da mai nauyi ce, wato mai cin lokaci, ka faɗi nauyinta, sannan ka gyara. Ka gwada jeri marar komai da jeri mai abu ɗaya tun kafin in tuna maka. In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba, ga yadda za ka nemo. Maganar albashi kuwa, ka tambaya ko adadin kafin haraji da fansho ne ko bayansu, da kuma wa ke ɗaukar kuɗin data da kwamfuta.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi kun buɗe mini ido. Daren nan zan koma GitHub ɗina, inda nake ajiye kod, in zaƙulo labaran nan uku. Malam, in ba takura, ko za ka ba ni awa ɗaya ka gwada ni kafin Alhamis? Zan iya zuwa Sabon Gari.

Malamin Sabon Gari:
Babu takura. Talata bayan la'asar, amma ka zauna a gida mu yi ta Google Meet, a kan layin da za ka yi amfani da shi ranar. Ka ajiye takarda da biro kusa, da tambayar biyan kuɗin nan za mu fara.