Shin Prusiner ya cancanci kyautar Nobel shi kaɗai?

Likitan dabbobi: Assalamu alaikum. Ni a ganina an tauye haƙƙin wasu a 1997, da aka ba Stanley Prusiner kyautar Nobel ta fannin likitanci shi kaɗai saboda bincikensa a kan prion, wato furotin mai yaɗa cuta. Tun a shekarun 1960 masaniyar kimiyya Tikvah Alper ta haska wa abin da ke haddasa cutar scrapie ta tumaki irin hasken da ke lalata ƙwayoyin gado, amma bai daina kama dabba ba, sannan a 1967 masanin lissafi John Griffith ya rubuta cewa furotin shi kaɗai zai iya yaɗa cuta. To, me Prusiner ya ƙara ban da laƙaba suna?

Malamar jami'a: Wa alaikumus salam, Likita. Zargi daban, kama ɓarawo da kaya a hannu daban. Tun da wata majinyaciyarsa ta rasu da cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob a 1972 yake bin sawun abin nan a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, yana niƙa ƙwaƙwalen ɓerayen gwaji yana tacewa, har shekara goma, kafin ya fito da kalmar prion a mujallar Science a 1982. A lokacin manyan masana ba su ɗauke shi da daraja ba, domin abin da aka sani shi ne cuta mai yaɗuwa ba ta rasa ƙwayar gado.

Ɗalibi: Malama, a gafarce ni, amma hujjar da ta fi gamsar da ni daga Zurich ta fito. A 1993 ɗakin binciken Charles Weissmann ya nuna cewa ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon wannan furotin ba ya kamuwa, ko an yi masa allurar cutar a ƙwaƙwalwa.

Malamar jami'a: Gaskiyarka, ɗalibi, kuma dokar Nobel ta yarda a raba wa mutum uku, saboda haka da an haɗa da Weissmann da ban yi gardama ba. Sai dai furotin da ya cire wa ɓerayen, Prusiner ne ya fara tace shi.

Likitan dabbobi: Malama, na yarda da wahalar da ya sha. Abin da ban sauka daga kansa ba shi ne lokacin: a 1996 Birtaniya ta bayyana alaƙar cutar haukan shanu da mutuwar wasu matasa, shekara ɗaya bayan haka aka ba shi kyautar, alhali Alper ta rasu tun 1995.